Gatarin da Kawu Kyari Ya Kasa Zaɓa

Duk wanda ya san Kawu Kyari ya san koriyar rigarsa. Ranar suna kore, ranar ta'aziyya kore, ranar Sallah ma da kowa ya fito fes cikin farar shadda, shi daga nesa za ka hango shi kamar gonar tattasai kafin ya nuna. In kuwa tsautsayi ya sa ka tambaye shi dalili, to nemi wurin zama, labarin ƴan fashin Ingila za ka sha. Da ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature mai haƙa rijiyoyi direba a Najeriya, shi ya ba shi labarin wasu mutanen zamanin da, da suka gudu daji suka sa koren kaya, suna tare masu kuɗi da kwari da baka suna raba wa talakawa. Baturen ya koma ƙasarsu ya manta da zancen, Kawu kuwa ya riƙe shi har kabari. Komai aka yi bai masa ba, sai ya kaɗa kai: "A dajin Ingila ba a haka!"

Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. Gidansa muka sauka a Diffa, ni da ɗiyata Yagana, lokacin da muka gudo daga garinmu Barwa da kayan jikinmu kawai. Don haka ba wanda ya kai ni shan wannan dajin Ingilar.

Kun tuna bikin sunan da aka yi a gidan Alhaji Musa mai kifi? An ajiye wa manyan baƙi tiren soyayyen nama a kan darduma. Kawu ya zo da butar shayinsa, ya zuba wa Alhaji, ya tsaya a kansa har ya shanye. Sai ya sunkuya ya sure tiren, ya nufi bayan gida wurin matan da ke wanke tukwane tun safe.

"Kai, Kyari! Wannan ai fashi ne!"

"Fashi ne mana, Alaji, amma na Ingila. Mu sai mun shayar da mutum sannan mu kwashe shi. Ka sha shayina ko ba ka sha ba?"

Alhaji ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ajiye shi. Daga ranar, in Kawu ya miƙo shayi a wurin biki, masu kuɗin unguwa sai su ce suna azumin nafila.

Bakan ma ya taɓa gwadawa. Ya aro na abokinsa Bello, wani Bafulatani mai kawo mana nono, ya kafa ƙwallon goruba a kan katanga ya ce mu matsa. Kibiyar ta bi ta inda Allah ya nufe ta, ta huda randar ruwanmu. Bello ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Kawu ko a jikinsa: "Iskar Diffa ce. A dajin Ingila itace na tare iska."

Duk wannan na yafe masa. Abin da ya haɗa mu faɗa shi ne gatari.

Yagana na da shekara takwas ta tashi da rigimar sai ta bi ƴan matan unguwa saran itace a bayan gari, wajen kogin Komadugu. Ni kuwa na san ƴan bindigar daji ne suka koro mu daga Barwa, ko sunan daji aka ambata sai gabana ya faɗi. Na ce ba ta zuwa. Ta yi kwana biyu ba ta kula tuwo. Sai ga Kawu da koriyar rigarsa: "Ki bar ta, Fanna. Za ta je, amma ba da gatarin manya ba. Ɗan daji na ƙwarai gatarinsa daidai hannunsa. Ni zan zaɓo mata, ran da ya samu sai ta tafi."

Wallahi ranar kamar in shaƙe shi. Na ce, "Kawu, tatsuniyar Bature ce za ta kai mini ɗiya daji?" Ya ce in yi masa shiru, ban san aikin ba.

Ya samo igiyar kaba ya auna hannun yarinyar daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, wai tsawon ƙotar ke nan. Muka ɗunguma kasuwa wurin Bukar maƙeri, ni ina biye ina addu'ar kada a dace. Bukar ya baje ƙananan gatura wajen goma. Kawu ya ɗaga wannan, ya yi nauyi. Wancan, ya cika sakayau, iska ma sai ta ɗauke shi. Wani ya ƙwanƙwasa ya kara a kunne, ya ce muryarsa ba ta yi masa ba.

"Murya kuma?" in ji Bukar. "Gatari za ka saya ko zakara?"

Aka bar shi a kan Bukar zai ƙera sabo. Da muka koma, ƙotar ce ba ta yi ba, wai itacen ɗanye ne, a bari ya bushe. Ya bushe, Kawu ya ce yanzu kuma ya bushe da yawa. Ran da aka samu wanda ba shi da aibu ko ɗaya, Yagana har da tsalle, sai Kawu ya zaro igiyarsa ya sake auna ta. Hannun ya ƙaru da yatsa biyu!

"Ka gani ko, Bukar? Ya yi mata gajere. A sake."

"To ka hana ta girma mana!"

"Kai ne dai ba ka da sauri. A dajin Ingila..."

"Don Allah ka kai aikin can!"

Haka aka yi ta yi har shekara uku. Yagana ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina gaishe shi, sannan ta shiga lakwal, wato makarantar boko, ta sami ƙawaye, zancen itace ya fara fita daga ranta. Ni kuwa kullum ina yi masa tsiya a gaban mutane, ina cewa ga tsohon da ya kasa zaɓar gatari ɗaya tak, a zuciyata ina hamdala da wautarsa. Ban taɓa kawo komai a raina ba, kuma kunyar wannan tana nan tare da ni har yau.

Da Kawu ya rasu, bayan addu'ar bakwai ɗinsa, sai ga Bukar ya yi sallama, da wani abu naɗe a tsumma. Ya warware. Ɗan gatari ne sumul, mai kaifi, ƙotarsa ta sha mai.

"Tun makon farko na gama shi," in ji shi. "Ya duba ya ce bai taɓa ganin mai kyansa ba. Sai ya ce in ɓoye, in bar shi ya yi ta yi mini wulaƙanci a gaban yarinya. Ya ce ƴan fashin Ingila labari ne, na dajinmu kuwa ba sa raba wa kowa komai sai kuka. Ya ce in riƙe sai ran da daji ya yi lafiya." Ya juya hularsa. "To shi ya tafi, Fanna. Ke za ki faɗa mini. Ya yi lafiya?"

Na riƙe gatarin, hawaye na zuba. Ko tsawon hannun Yagana na yanzu bai kai ba. Na naɗe shi na miƙa masa, na ce, "Ka ƙara riƙewa, Baba Bukar."

Allah ya jiƙan Kawu Kyari, ya yafe masa naman Alhaji da randarmu, ya sa kabarinsa ya zama dausayi. Allah kuma ya kawo mana ranar da zan aika Yagana da kanta ta karɓo kayanta.