Sunan da Janar Ya Raɗa wa Liman

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar surukina, mahaifin maigidana, wanda duk unguwarmu Briqueterie ta Yawunde, ko Birik kamar yadda muke gajarta ta, ta sani da Janar. Sunansa na yanka ba zai fito daga bakina ba, balle alƙalamina, haka aka tarbiyyantar da mu. Baba nake ce masa. Bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin tsuntsu. Mai tsire ne, abin da mutanen garin nan ke kira soya, amma a bakin tukubarsa ya ci garuruwa da dama, ya kuma mayar wa masu su kafin a kira magariba.

Benci biyu ne a ƙofar gidanmu, ɗaya dama da tukuba, ɗaya hagu. Duk yaƙin da rediyo ya kawo labarinsa, masu cewa an yi daidai su zauna a wannan, masu cewa zalunci ne su zauna a wancan. Baba na tsakiya yana juya nama yana zuga su. Tsinken tsire shi ne makami mai linzami, albasa birni ce, tarin yaji kuwa hamada. In ya ga benci ɗaya ya fara yin sanyi, sai ya goge hannu ya koma can ya tallafa musu, gobe kuma a same shi a ɗaya ɓangaren yana rushe abin da ya gina jiya. Ni ina daga ciki ina dakan ƙuli-ƙuli da yaji, katangar kwano ce kawai tsakaninmu. Saboda haka babu yaƙin da aka yi a duniya a lokacin wanda ban halarta ba da taɓarya a hannu.

Shekarun nan ne da ake ce wa la crise, wato matsin tattalin arziki. Ana ta rage ma'aikata, albashi na makara, kuma Birik da aljihun ma'aikata take rayuwa. Waɗanda a da ke tsayar da mota su ce a naɗe musu tsire a takarda, sai suka koma gaisuwa daga nesa. Maigidana tela ne, shagonsa ya cika da ɗinkunan da masu su suka daina zuwa karɓa. Gardama ce kaɗai ba ta yi tsada ba, shi ya sa bencin Baba bai taɓa rasa jama'a ba ko a ranar da naman ya kwana.

Ana cikin haka yaƙin Iraƙi na farko ya ɓarke, sai Birik ta rabu biyu. Bencin dama suna cewa ga namiji ya fito, wato shugaban Iraƙi, ya ɗaga wa manyan duniya murya. Bencin hagu suna cewa wane irin namiji ne zai haɗiye ƙaramin maƙwabcinsa, Musulmi ɗan'uwansa, sannan ya ce a tafa masa? Na dama su ce to waɗanda suka taso masa don Allah suka zo ko don mai? Na hagu su ce ko don mai ne, wa ya buɗe musu ƙofa? Yanzu da na manyanta na gane wani abu. Mutumin da ya wuni bai yi ciniki ba, wanda aka ce masa daga waje aka tsara talaucinsa, yana jin sanyi a ransa in ya ji wani ya yi wa na wajen tsawa, ko da tsawar ba za ta ɗora masa tukunya ba.

Maigidana ya shiga yaƙin nan har wuya. Ya manna hoton mutumin Bagadaza a saman keken ɗinkinsa. Ni kuma ina da tsohon ciki, na fari. An riga an raɗa wa jarirai sunan mutumin a unguwa, a unguwar Madagascar ta nan Yawunde ma mun ji an yi, sai maigidana ya yi alkawari a gaban jama'ar benci cewa in namiji ne, sunan ke nan. Aka yi ta shi masa albarka. Baba ma a 'yan kwanakin ya lafe a bencin dama, ba ya motsi, har ana cewa Janar ya sami gida.

Na tafi goyon ciki gidan iyayena a unguwar Ekoudou, Allah ya sauke ni lafiya, namiji. Murna ta zo mini tare da fargaba. Ban son sunan nan, ko kaɗan. Ban san wa ke da gaskiya a hamadar can ba, har yau ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne wata baiwar Allah da ta gudo daga yaƙin Chadi ta kama haya a gidanmu tun ina yarinya, mangwaro ya faɗo kan rufin kwano sai ta zube ƙasa ta rufe kai. Kuma ban ɗauki ciki wata tara don in haifi tuta ba. To amma wa zan gaya wa? Ɗan fari ne, uwa ba ta nuna ta damu da shi, ko ɗaukarsa a gaban mutane sai an yi da gaske. Na gwada yi wa Inna, mahaifiyata, zancen a kaikaice, ta ce suna na maza ne, in ja bakina in sha kununa.

Ana saura kwana biyu suna Baba ya zo ganin jikansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, labule tsakaninmu. Na gaishe shi da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Aka miƙa masa yaron, ya yi masa addu'a, ya tsokane shi cewa wannan hancin na gidansu ne, kunnuwan kuwa sai dai a tambayi Ekoudou. Sannan ya juya ga Inna.

Ya ce, "Hajiya, kin dai ji sunan da ɗana ya zaɓa. Ni ba zan tambayi mai jego ba, na san tarbiyyar gidan nan, ba za ta amsa ba. Sai dai na ga hayaƙin wutar wankan jegon nan ya yi yawa, kuma hayaƙi yana sa tari. In akwai wanda tari ya taso wa a ɗakin nan, kada ya danne shi."

Na yi tari. Ba ƙaramin tari ba, irin wanda ya sa kaji suka watse a tsakar gida. Inna ta zuro hannu ta mintsine ni a cinya, na ƙara wani. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, a ƙara mata kunun kanwa, ya sa takalmansa ya tafi.

Washegari labari ya zo mini cewa yana nan a bencin dama, yana harba tsinke yana cin birane, bai ce wa ɗansa uffan ba. Na ce shi ke nan, tsoho ya yi wasa da ni, na sha mintsini a banza.

A gidansu al'ada ce, kaka ne ke raɗa wa liman suna a kunne. Ranar suna da sassafe maza suka cika ƙofar gida, aka raba goro da dabino, ga rago a ɗaure, wanda sai da aka haɗa ƙarfi kafin a same shi. Maigidana ya sha sabuwar riga, abokansa na benci sun kewaye shi. Mu mata muna ciki mun kasa kunne. Liman ya yi addu'a, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi suna. Ba na Bagadaza ba ne. Suna ne irin namu na gida, wanda ban taɓa jin an kira wani da shi a dangin mijina ba. Kafin kowa ya farfaɗo an shafa fatiha, wuƙa ta hau wuyan rago. In an yanka kuwa, magana ta ƙare. Na cusa fuska a zani don kada Inna ta ga haƙorana.

Sauran maigidana ne ya ba ni labari, bayan ya huce, kuma ya ɗauki lokaci kafin ya huce. Ya ce da jama'a suka ragu ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ba haka muka yi ba. Kai ne fa a gaba a bencinmu."

Baba ya ce, "Benci daban, yaro daban. In na ga na yi kuskure, gobe sai in ɗauki gindina in koma wancan. Shi wannan ina zai koma? Yaƙin ko ƙarewa bai yi ba, za ka ɗora masa shi a ka ya kai makaranta, ya kai kan iyaka, ya kai gidan surukai."

Sannan ya faɗa masa abin da ba a zancensa a gidan. Baba yana da ƙane, wanda ya je Najeriya ganin dangi lokacin yaƙin basasa, ya ga samari na shiga soja, shi ma ya shiga. Maigidana yana ƙarami, abin da ya tuna kawai wani dogo mai ɗora shi a wuya. Ƙanen bai dawo ba, ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba. Baba ya ce wannan yaƙin kowa a bencinsa, dama da hagu, ya yarda an yi shi don kada ƙasa ta rabe, kuma ɓangaren ƙanensa ne ya yi nasara. Amma mahaifiyarsu ta yi sauran rayuwarta in ta ji motsi a ƙofa sai ta kira sunan, ba ta taɓa jin an amsa ba. Sunan ƙanen nan ne ya raɗa wa liman. Ya ce yana so a kira sunan nan a gidan nan a amsa. Ya kuma hana a sakaya shi da wani laƙabi.

Yaƙin bai daɗe ba ya ƙare, hoton ya sauka daga kan keken ɗinki ba tare da sanarwa ba. Bayan shekaru aka koma Iraƙi karo na biyu, sai maigidana ya miƙe ya ce ga shi nan, tarihi ya wanke mutuminsa. Na hagu suka ce tarihi ya tona kaburburan da mutumin ya cika dai. Aka kai ƙara wurin Baba, lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala. Ya ce shi ya lura tarihi telan Birik ne, duk ranar da ka je karɓar ɗinkinka sai ya ce ka dawo gobe, saura maɓalli. Maigidana ya yi fushin wannan fiye da na sunan.

Yaran da aka sa wa wancan sunan suna nan, sun zama magidanta, mutanen kirki. Ɗaya yana sayar da wayoyi a kasuwar Mokolo, ya ce mini duk shingen da ya nuna katinsa sai jami'i ya ɗago ya sake kallonsa, wani ya sara masa, wani ya ce ya sauko. Ya saba, dariya yake yi.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Tukubar na nan, ƙanen maigidana ke riƙe da ita, bencin ma suna nan. Amma yanzu yaƙi a tafin hannu yake, kowa ya sunkuya kan wayarsa yana kallon gidajen mutane na rushewa, ya tura wa wanda ra'ayinsu ya zo ɗaya. Ban ƙara ganin wanda ya tashi daga dama ya koma hagu ba. Ina jin da farko wayar za ta burge shi, don yana son sabon abu, zai sa a nuna masa taswira ya yi ta gyara wa janar-janar na gaske kuskurensu. Amma da ya ga yaƙi ya daina zama labarin rediyo, ya ga waɗanda suka gudo daga arewa da yammacin ƙasar nan suna neman ɗakin haya a layinmu, ina tsammanin zai ajiye tsinken. Zai yanka tsire ya miƙa musu, ya tambaye su wa suka baro.

Baba bai bar mana hukunci a kan yaƙi ko ɗaya ba. In aka tambaye ni wane ɓangare yake, sai in ce ɓangaren da ya rasa mai magana. Bai bar dukiya ba, la crise ta riga mu. Abin da ya bari shi ne sojan da babu littafin da ya ambace shi, ana kiransa safe da yamma a gidanmu, a aike shi sayen gawayi, a yi masa faɗa, a kira shi cin tuwo. Baba da kansa yakan kira shi ba dalili, yaron ya sheƙo a guje, ya ce masa ba komai, je ka.

Ni kaɗai ya ɗaga wa ƙafa, saboda kunyar ɗan fari. Shekara talatin da 'yan kai ina cewa "kai", ko "yayansu". Sau ɗaya, a ciwon Baba na ƙarshe, na kai masa kunu ya ce mini ta bayan labule, ke ma wata rana ki gwada, amsar tana da daɗi.

Jiya aka yi masa addu'ar shekara. Da malamai suka watse, na hango ɗana a tsakar gida yana naɗe tabarmi, da furfura ɗaya-ɗaya a gemunsa, 'yarsa na rataye a wuyansa. Na duba, Inna ba ta duniya balle ta mintsine ni. Na gyara murya na ce, "Ilyasu."

Ya saki tabarmar, ya juyo yana neman wanda ya kira. Da ya ga ni ce, ya ce, "Na'am."