Shanun da Sallau Bai Sata Ba

Bari in fara da wautata, tunda duk garinmu Sae Sabuwa an santa. Ranar da wani yaron Maraɗi ya zo da kamara yana neman wanda zai fito ɓarawon shanu a fim ɗinsa, ni ya fara nunawa. Na ce a'a, fuskata ta cika kyau, ga dai abokina Sallau. Ni da ko aji biyu ban gama a lakol ba, na zauna ina yi wa Sallau bayani wai fim wasa ne, kowa ya sani. Shekara tara ke nan da rasuwar Sallau, ban ƙara yi wa kowa bayanin komai ba.

Sallau manomin gero da wake ne, wanda ko akuyar maƙwabci ta yi masa ɓarna, da kansa yake kai ta gida. Amma da aka naɗa masa rawani ya hau doki ya zare ido, ni kaina sai da na ja baya. Shanun da ya kora na wani Arɗo ne da ke zaune kusa da mu. Aro aka yi, aka mayar kafin magariba. Fim ya karɓu. Bayan kaka kuma sai aka sace garken Arɗo da gaske.

Daga nan kallo ya canja. A kasuwar Agiye, in Sallau ya gitta, sai ka ga ana janye igiyar dabba. Jandarma sun kira shi sun sake shi, amma labarin kiran ne kawai ya zaga gari.

Da yaron ya dawo ɗaukar kashi na biyu, ya yi rantsuwa cewa wannan karon ɓarawo zai tuba, ya mayar da shanu gaban jama'a. Sallau ya bar shuka ya bi shi. Ina wurin aka ɗauki tuban, kuma hawayen da Sallau ya zubar ba na wasa ba ne.

Ranar nuna fim ɗin, gida-gida Sallau ya bi yana gayya. Arɗo ma a moto ya ɗauko shi, ya zaunar da shi gaba. Aka fara: tsere, faɗa a bakin rijiya, wani tseren kuma. Sallau sai taɓa ni yake. “Yanzu ne, Kalla, yanzu ne.” Sai ga shi a fim ya sake korar shanu, ya shige daji, rubutun ƙarshe ya hau. An yanke tuban. Wai in ɓarawo ya tuba, babu kashi na uku. Arɗo ya ɗauki sandarsa ya koma rugarsa a ƙasa.

Yau da zargin satar shanu kaɗai ke iya raba mutum da ransa a wajen Gidan Rumji, guntun fim ɗin na yawo a wayoyin yara, babu mai faɗa musu wane ne mai rawanin. Da Sallau na raye, ban san ko zai iya zuwa kasuwa ba. Mu da muka yi gayyar noma da shi mun san shi, amma ƙarewa muke yi, hoton kuwa ba ya tsufa.

A zaman makokinsa Arɗo ya zo, ya yi addu'a mai tsawo, har da ƙwalla. Da zai tashi ya sunkuyo kusa da kunnena.

“Kalla, ni na yafe mishi duniya da lahira. Amma kai amininshi ne. Ina ya kai su?”