Fim ɗin da ke cikin kyamarar Baba

Mahaifina mai hoto ne. Shekaru da yawa shi ake kira wurin suna da biki a unguwarmu a Daura, har ƙauyukan Dutsi yakan je a kan babur. Ya bar sana'ar ne a shekarar da yayana ya tafi neman aiki, ya bi ta Kongolam, bakin iyakar Nijar, ba mu sake jin labarinsa ba. Tun daga nan kyamarar ta shiga akwatin ƙarfe, ba wanda ya ƙara ganinta.

Ni malamin firamare ne a Sandamu, amma ina taɓa gyaran agogo da rediyo. Wata Asabar a ƙarshen damina na zo gida, Baba ya sa aka fito da ita. A lokacin idonsa ya yi rauni, sai ya shafa abu kafin ya gane shi. Ya ce in goge ta in ga ko za ta yi aiki. Bai ƙara komai ba.

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure inda haske yake. Jakar fatar duk ta yi funfuna. Na kwance gilashin gaba na ɗaga shi sama, sai na ga wasu zare-zare a ciki kamar yanar gizo. Ba ni da abin kwance zoben da ya riƙe shi, sai na yanki robar tsohon tub ɗin babur na danna na murɗa har ya saki. Gilasai huɗu na fitar, na jera su a kan farin hankici yadda suka fito don kada in juya fuskar wani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga da sifirit. Uku suka fita tas. Na huɗun funfunar ta riga ta ci shi, ko na goga tabon yana nan. Ƙananan ƙarafan da ke buɗewa su rufe idan an danna kuwa tsohon mai ya manne su, su kaɗai suka cinye mini yini.

Washegari da hantsi na koma kan jikin kyamarar. Ina goge ɗan hannun da ake naɗe fim da shi, sai na ja shi sama don in kai ga dattin da ke ƙarƙashi. Bayanta ya buɗe. Akwai fim a ciki, a shimfiɗe, ga rana tana dukansa, haske kuwa ƙona fim yake yi. Maimakon in rufe nan take, sai na tsaya ina kallo. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba.

Na yi niyyar in yi shiru, tun da Baba ba gani yake ba. Har na mayar da ita jaka. Amma bayan la'asar na same shi a ɗaki na faɗa masa. Sai ya ce hotunan ƙarshe da ke ciki na yayana ne, safiyar da zai tafi, a ƙofar gida, sau uku ya ɗauke shi. Ya ƙi wankewa ne yana jira ya dawo.

"Baba, da kun faɗa mini akwai fim."

"Na ɗauka za ka duba. Mai hoto yana dubawa kafin ya buɗe."

"Ni ba mai hoto ba ne."

"Haka ne," in ji shi. "Ban koya maka ba."

A Daura ba mai wankin irin wannan fim yanzu. Sai da aka yi hutu na kai shi Kano, na yi ta tambaya har aka haɗa ni da wani dattijo da ke da sauran kayan aikin. Ya ce waɗanda aka fara ɗauka su ne a can cikin naɗi, wataƙila su tsira, na ƙarshe kuwa kada in sa rai. Haka aka yi. Guda biyar suka fito, duk na wani taron suna, mutanen da ban san ko ɗaya ba.

Da na kawo, Baba ya riƙe su yana shafawa. Ya ɗago ɗaya kusa da idonsa, na wani saurayi mai farar riga yana riƙe da rago, ya ce ko yayana ne wannan. Inna tana tsaye bakin ƙofa tana kallona. Na san abin da take so in ce.

Na ce ba shi ba ne.

Ya miƙo mini su, ya ce in bincika a Dutsi ko za a gane masu su, a ba su abinsu. Na je sau biyu ina nuna wa mutane a bakin kasuwa. Wani ya ce kamar ya san mai ragon, amma sun tashi daga garin tuntuni.