Inna Kaltume da Littafin Garin Katanga

Duk wanda ya taɓa shan fura a bakin tashar Roni ya san Inna Kaltume. Shekara talatin tana sauke ƙwarya a gindin darbejiyar nan, kuma wallahi ba a taɓa kama ta da nono mai ruwa ba. Bakinta ne dai sai a hankali. Ko bihim ba ta sani ba a boko, amma kada ka kuskura ka ce ba ta san littafi ba, don ta saurari guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kuma tana da ta cewa a kansa.

'Yarta Bahijja ce ta samo shi a waya, take karanta mata da la'asar idan tana dakan gero. Labarin wani gari ne na can gaba, bayan ruwa ya yi wuya a duniya. An zagaye garin da katanga, duk yaron da ya cika sha shida sai dakaru su ɗauke shi, a kai shi haƙa wa masu mulki rijiya.

Ran da aka zo wajen ɗauke yaran, Inna Kaltume ta tsayar da taɓarya. "Kai, wannan marubuciyar ba ta haihu ba! Wa ya ce mata sai da bindiga ake raba uwa da ɗa?"

Bahijja ta yi dariya, ba ta gane ba. Uwar kuwa da Halliru take, autan 'ya'yanta maza, ɗan shekara sha tara, wanda shi kaɗai ya rage a bayan shanu tun da yayyensa biyu suka tafi kudu aikin acaɓa. Ran sunansa marigayi ubansa ya ba shi karsana, kamar yadda ake yi a rugarsu, duk abin da ta haifa nasa ne, ba mai cewa uffan. Jikar karsanar nan, Wule, ita ce mai nonon da Inna ke alfahari da shi. Ga burtali gonaki sun cinye shi, kullum yaron sai ya dawo da rigima da manoma. Kwana biyu kuma ta ga yana yawan shafa bayan Wule yana kallon titi.

"Halliru, ka rufa mini asiri," ta ce masa. "Inna, ki yi haƙuri," shi ke nan abin da ya ce, kansa a ƙasa.

Ran kasuwar Kazaure ta fito tatsa da sassafe, ta tarar da ɗan maraƙin Wule shi kaɗai a ɗaure yana kuka, ba Wule, ba Halliru. Ba ta yi ihu ba. Ina hujja? Saniyarsa ce.

Da la'asar ta ce Bahijja ta ƙarasa mata littafin. A can, ɗaya daga cikin yaran da aka ɗauke ya fasa katanga ya dawo wa uwarsa.

"Yaya, Inna, ya yi daɗi?"

Ta jingine taɓarya a jikin turmi. "Uwar cikin littafin nan ta fi ni sa'a, Bahijja. Ita ta san wanda za ta tsine wa. Ni nawa da ƙafarsa ya tafi, kuma albarka na sa masa."