Saƙon Da Na Tura Wa Ɗan Gwaggona

A lokacin ina malamin Ingilishi a wata lakol, wato makarantar boko, a Gazawa, matashi mai ji da kansa, ko gaishe ni aka yi sai in so in amsa da Turanci. Gwaggona ce ta raine ni. Ɗa guda Allah Ya ba ta, shi ma ubansa ya tafi da shi Ghana tun yana ƙarami, ya girma can har Hausa ta kuɓuce masa. Duk danginmu ni kaɗai ke iya magana da shi, in sun yi waya ni ne tafinta.

Bayan kaka ciwo ya kwantar da ita. Daga likita a Maraɗi aka ce a maido ta gida a yi ta addu'a, kowa kuma ya san abin da ake nufi. Kawu ya kira ni zaure ya ce in sanar da ɗanta, ya taho in yana son ya tarar da ita. Na tura masa cewa ba ta da lafiya, nan take ya maido tambaya ko jikin ya yi tsanani. A nan na maƙale. Kwana biyu ina juya littattafaina, ina neman yadda Turawa ke faɗin mutum ya kusa cikawa cikin ladabi. Na samu iri-iri, amma duk wanda na rubuta sai in ji kamar ni ke yanka mata likkafani, in goge. Mu dai ko mutum na gargara aka tambaye mu jiki, da sauƙi muke cewa, mai tambayar ya gane daga murya. Na manta shi bai tashi cikinmu ba. Na rubuta masa tana samun sauƙi, na tura.

Gab da azahar na shiga ɗakinta, wayar na aljihuna, ban faɗa wa kowa abin da na rubuta ba. Kwana uku ke nan ba ta yi magana ba, idonta na kan ƙofa. Sai kawai ta ce ga ɗanta can ya sauke jakarsa, da murya ras kamar ta mai lafiya. Matan da ke jinya suka ɗauka zafin ciwo ne. Ta ƙara cewa har ya sa takalmi, wani ya ce masa ya zauna. Sannan ta juyo a hankali ta kafe ni da ido. Wallahi tsikar jikina ta tashi. Na fita don in gyara saƙon, na sake tsayawa zaɓen kalma. Kafin la'asar na ji salati daga cikin gida.

Ranar sadakar bakwai ya iso. A hanyar maƙabarta ya gaya mini ya fito bakin ƙofa da jaka a kafaɗa zai tafi tasha, saƙona ya shigo, ya yi hamdala ya koma ciki, ya ce bari ya jira hutun aiki. Bai zarge ni ba. Ya dai tambaye ni ko ta ambace shi, na ce ƙwarai. Sauran har yau ban iya gaya masa ba.

Na gane ba ita na tausaya wa ba, bakina na ji wa tsoro. Ina roƙon masu karatu, in aka sa ku sanar da na nesa, ku bar kawaici, ku ce masa ya taso yau ɗin nan. Gara ya zo ya tarar ta warke, ya ji haushinku. Ni ɗan gwaggona tulin ƙasa na nuna masa, na ce ga uwarka.