Ɗaliban Ɓoye na Pani Danuta

Shekara talatin da biyu, kullum ƙarfe biyar da rabi na safe Pani Danuta Kuśmierz (Pani shi ne Malama a harshenmu, Pan kuma Malam) take sauka daga bas a ƙofar masana'antar ƙarfe, da burodi da cuku a jaka. Ta hau ɗakin sarrafa tanderu, ta gaishe mu. An daɗe ba mai amsa mata.

Bayan rushewar mulkin gurguzu, sababbin masu kamfani suka kashe tsofaffin tanderun da muke gane zafinsu da ido, suka kafa na lantarki mai aiki da kwamfuta. Aka ce jarrabawa nan da wata uku, wanda ya faɗi ya kama gabansa. Ita aka tura ta koyo na'urar, sai muka huce haushinmu a kanta. Muka laƙaba mata 'Yar Maɓalli. In ta zauna cin abinci, mu kwashi kwanukan miyarmu mu sauya tebur.

Bronek, shugaban tanderu mai 'ya'ya huɗu, ya fi kowa baki. Shi ne kuma ya lallaɓa ta ƙofar bayan gidanta wata Lahadi bayan coci, hula a hannu, ya ce yatsunsa sun yi kauri, haruffan na'urar kuma ba ya ganinsu, ta taimaka ta koya masa. Ta zana masa maɓallan manya-manya a kwali, ta haɗa masa shayi.

"Danna abinka, Pan Bronek, kwali ba ya fashewa."

Ya roƙe ta kada kowa ya ji. Ran Litinin ya ci gaba da yi mata ba'a, don kada a gane shi.

Makon jiya, wajen walimar ritayarta, Bronek ya dogara sanda ya miƙe, ya tona asirin kansa. Sai Mietek mai walda ya ce, "Kai ma? Ni Laraba nake zuwa." Muka ƙirga, mu goma sha tara ne, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Ni Asabar ce tawa. Kunya ta hana mu haɗa ido.

Pani Danuta, ke ce kika riƙe mana abincinmu muna zaginki. Uwar rufin asiri. Da muka tambaye ki me ya hana ki tona mu, cewa kika yi, "Da na ambaci mutum ɗaya, sauran sha takwas ba za su zo ba."

Mun gode, ko da yake godiyar ta makara da shekara talatin. Ku masu tasowa, ku yi koyi da ita, kada ku yi koyi da mu.