Ranar da Masu Agaji Suka Shigo Zaitawa

Abdulbaƙi mai gyaran waya ne a Ƙofar Wambai, shekara goma sha biyar a rumfa ɗaya yana tonon cikin wayoyin mutane. Maraya ne. Ya Kaka ce ta raine shi a Zaitawa, ƙanwar kakarsa, 'yar gidan malaman Barno, macen da ba a taɓa jin ta ari ko gishiri a maƙwabta ba.

Da ciwon ƙoda ya kama ta, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako. Abdulbaƙi ya bi ƙungiyoyin agaji har ƙafarsa ta gaji. Wannan ta tashi, waccan marayu kawai take dubawa. Haushin haka ne ya sa ya koyi haɗa shafin intanet a rumfarsa, in kasuwa ta yi sanyi.

Kuma a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Shafin ba nauyi, yana buɗewa ko da sabis ɗin cikin lungu ne mai zuwa yana ɗaukewa. Rubutu manya saboda masu raunin ido. Wanda bai yi boko ba sai ya danna, murya ta karanta masa da Hausa. Ƙungiya talatin da ɗaya ya jera, kowacce da irin taimakon da take yi. Mai nema ya cike fom, shafin ya tura musu.

Ya kai wa Ya Kaka ta gani. Ta sa masa albarka.

"Na mabuƙata ne ko? Allah ya rufa musu asiri."

"Ke ma sai in sa sunanki, Ya Kaka."

"Ni? A gidan nan bayarwa muka gada. Kul na ji."

Bai ji ba. Ina zai ji, ƙafafunta sun kumbura ko takalmi ba ya shiga? Ya cike mata fom a ɓoye.

Ƙungiya ɗaya ta amsa. Da hantsi motarsu ta tsaya a bakin lungu, mutum huɗu da riguna iri ɗaya, har da mai ɗaukar hoto. Suka bi gida-gida suna tambayar ina tsohuwar nan mai neman taimako. Kafin su kai ƙofa rabin unguwa ta ji.

Ya Kaka ta sa aka yi musu shimfiɗa a zaure. Ta fito tana dafa bango, da mayafinta na zuwa biki.

"Kun yi ɓatan kai, 'ya'yana. Nan babu mara lafiya."

Ta ba su goro, suka tafi. Da yamma shugabarsu ta kira Abdulbaƙi ta ce ya cire su daga shafinsa, ba sa aiki da mai turo sunayen ƙarya. Ya cire su.

Washegari ya zo da adaidaita zai kai ta asibiti. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dai ce ba za ta ƙara ratsa lungun nan ana kallonta ba.

Ya roƙe ta, ya turo limamin unguwa, ta ƙi. Kwana goma sha tara bayan nan aka fito da ita ta lungun, Abdulbaƙi na riƙe da gaban makara.